Jinin da Ya Zo Ba a Lokacinsa Ba: Darasi a kan Ciwon Daji na Bakin Mahaifa

Darasinmu na wannan karo ya shafi wani ciwo da ba a cika faɗin sunansa a zaure ba. Mata kan yi zancensa ƙasa-ƙasa, a bakin rijiya ko a wurin daka. Wasu su ce sanyi ne ya yi yawa. Wasu su ce jifa aka yi. Likitoci kuwa suna kiransa ciwon daji na bakin mahaifa, ko sankarar bakin mahaifa. Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa mutanen gidansa. Za mu ambaci wasu abubuwa da kunya kan hana a ambata. A gafarce mu, darasin ba ya koyuwa sai da su.

Ina ne bakin mahaifa?

Mahaifa kamar tulu take da aka kife, cikinsa a sama, wuyansa a ƙasa. Wuyan nan shi ne bakin mahaifa. Ta nan jinin al'ada yake fita, kuma shi ne yake buɗewa ranar haihuwa. Mace ba ta ganinsa da idonta. Ba shi da saurin jin zafi kamar fatar hannu. Saboda haka ciwo yana iya zama a can shekara da shekaru, mai shi tana noma, tana daka, tana goyo, ba ta san komai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata wajen 660,000 suka kamu da wannan ciwo a duniya, wajen 350,000 kuma suka rasu. Fiye da tara cikin goma na waɗanda suka rasu mutanen ƙasashe marasa ƙarfi ne irin tamu. A Nijar, in aka ɗebe ciwon daji na nono, babu ciwon dajin da ya fi shi kama mata. Abin takaicin shi ne, a cikin dukkan ire-iren ciwon daji, wannan yana cikin waɗanda suka fi sauƙin tarewa.

Me ke kawo shi?

Kowane manomi a ƙasar Magarya da Dungas ya san ƙuduji, wanda wasu ke ce wa gaugai ko wuta-wuta. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura. Yana iya kwanciya a ƙasa shekaru. In ya tsiro, sai ya kama saiwar gero daga ƙarƙashi, yana shan abincinta. Lokacin da manomi zai ga furensa a sarari, an riga an yi ɓarnar. Ciwon da muke magana a kansa haka yake aiki.

Irinsa wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, ana kiranta papiloma, likitoci suna rubuta sunanta HPV. Wani masani ɗan ƙasar Jamus, Harald zur Hausen, shi ya gano cewa ita ce tushen ciwon, aka kuma ba shi babbar kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar tana da iri da yawa. Iri biyu, lamba 16 da lamba 18, su ke kawo wajen bakwai cikin goma na ciwon.

Ana ɗaukar ƙwayar ta kwanciyar aure. Tana da yawa a cikin mutane ƙwarai: mafi yawan maza da mata a duniya sukan ɗauke ta wani lokaci a rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Namiji yana iya ɗauke da ita ba wata alama a jikinsa. Ga mata tara cikin goma, jiki da kansa yake kashe ta cikin shekara ɗaya ko biyu. Ga sauran kuwa, sai ta zauna a bakin mahaifa, ta fara sauya fatar wurin a hankali. Da farko tabo ne kawai, ba ciwon daji ba. Kafin tabon ya zama ciwon daji yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga macen da garkuwar jikinta ta raunana, kamar mai ciwon sida da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa. An gano cewa mai ƙwayar sida ta fi sauran mata haɗarin kamuwa har sau shida.

A nan muna son mu tsaya, domin akwai zaluncin da ake yi wa mata. In aka ji cewa ta kwanciya ake ɗauka, sai wasu su fara zargi. Wannan kuskure ne babba. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. Mijin ma yana iya ɗauko ƙwayar daga auren da ya yi shekara goma da suka wuce, auren halal. A ƙasar da ake yin mata biyu da uku, ake fita a sake aure, maza kuma suke tafiya biɗa Kano ko Agadas ko Libiya su daɗe, ƙwayar tana zagayawa ba wanda zai iya cewa ga inda ta fito. Neman mai laifi ba ya warkar da kowa, sai dai ya sa mata su ƙara ɓoyewa. Kuma a sani, ba a ɗaukar ciwon daji ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko wanke kayan mai jinya.

Don me muke magana da ƴan mata?

Wani zai ce: ai wannan ciwon manyan mata ne. Gaskiya ne ya fi bayyana bayan shekara 35, kuma da wuya a same shi ga wadda ba ta kai 25 ba. To amma mu yi lissafi. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika shekara 18, 28 cikin 100 kuma kafin su cika 15. A ce yarinya ta shiga ɗaki tana da 15, ta ɗauki ƙwayar a shekarar farko. A ƙara 15. Tana da shekara 30 ke nan, da ƴaƴa biyar ko shida, ƙaramin yana goye. Ita ce mai kai abinci gona, ita ce mai kiwon awaki, ita ce mai yin ƙuli ta sayar. A wannan lokaci ciwon zai iya tsayar da ita.

Akwai kuma wani dalili. Bakin mahaifar ƙaramar yarinya bai gama ƙwari ba, ƙwayar ta fi samun wurin kamawa. Yawan haihuwa kusa da kusa shi ma yana ƙara haɗari, haka taba. Saboda haka shuka a ƙuruciya ake yin ta, girbi ne yake zuwa daga baya.

Alamomin da bai kamata a yi shiru a kansu ba

Abu na farko da za a riƙe shi ne, tabon farko ba shi da alama ko kaɗan. Ba zafi, ba jini, ba wari. Awo kaɗai ke gano shi, kuma za mu zo kan awo. In ciwon ya fara tsirowa, alamar da ta fi saurin fitowa ita ce jini.

Jini bayan kwanciya da miji. Ko ɗigo biyu ne a zane, ko ba zafi. In ya faru fiye da sau ɗaya, a tafi gidan likita. Bakin mahaifa mai lafiya ba ya zubar da jini don an taɓa shi.

Jini tsakanin al'ada da al'ada. Mace ta yi wanka, bayan kwana biyar ko mako ɗaya ta sake gani. Ko kuwa al'adar da ta saba kwana biyar ta koma kwana goma, ta ƙara yawa.

Jini ga macen da al'ada ta ɗauke mata shekara guda ko fiye. Wasu kan yi dariya su ce ƙuruciya ta dawo. Al'ada ba ta dawowa. Wannan jini, ko sau ɗaya ne, na likita ne.

Bayan jini sai ruwa. Ruwa ne tsararo mai yawa, wani lokaci da sirkin jini kamar ruwan wankin nama, yana da wari, kuma an sha maganin sanyi bai tsaya ba. Wannan ita ce alamar da ta fi ɓata wa mata lokaci. Mace ta sayi ƙwaya a hannun mai tallar magani ranar kasuwa, warin ya ragu kwana biyu, ya dawo. Ta sayi wata. Ta jiƙa saiwa, ta zauna a ruwan bagaruwa. Shekara ta wuce a haka.

Zafi lokacin kwanciya shi ma abin faɗa wa likita ne. Amma ciwon mara da ƙugu wanda ba ya sauka dare da rana, kumburin ƙafa ɗaya, rama, kasala, farin ido na ƙarancin jini, da yoyon fitsari ko bayan gida ga macen da ba ta yi doguwar naƙuda ba, waɗannan alamomin ƙarshe ne. Duk wadda ta jira zafi kafin ta tafi, ta jira furen ƙuduji.

Zancen istihala

Matanmu sun iya lissafin jini, domin salla da azumi. An koya mana cewa haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, mace ta yi wanka ta yi sallarta. Wannan hukunci daidai yake, kuma ba mu da abin cewa a kansa. Sai dai mu lura da sunan da malamai da kansu suka ba shi: jinin ciwo. Malam ya amsa tambayar salla. Saura tambaya ta biyu, wane ciwo ne? Wannan ta likita ce. Mata da yawa suna tsayawa a amsa ta farko, hankalinsu ya kwanta, su ci gaba da wanke tsumma wata da watanni. Muna roƙon malamai da malaman mata na islamiyya, in an kawo musu irin wannan tambaya, su ba da hukunci, sannan su ƙara da cewa: je ki a duba ki.

Ba kowane jini ne ciwon daji ba

Kada tsoro ya kama kowa. Mafi yawan ƴan matan da suka ga irin wannan jini, in an duba, wani abu ne daban mai sauƙin magani. Ciwon sanyi yana kawo ruwa da wari. Allurar tazarar haihuwa da ashanar hannu sukan sa ɗigon jini, musamman a watannin farko. Akwai ɗan tsiro marar lahani da kan fito a bakin mahaifa, a cire shi cikin ƴan mintoci. Mai ciki kuwa in ta ga jini, ranar nan za ta tafi, ba sai gobe ba.

Akwai wani ciwo da ya shafe mu musamman, mu mutanen ƙasar ƙorama da tabkuna da fadamun rake. Shi ne tsargiya, wato fitsarin jini. Mun saba ganinta ga yara maza masu wanka a tabki. Amma tsutsar tana shiga jikin yarinya mai wanki ko ɗiban ruwa, ƙwanta ya maƙale a bakin mahaifa. Sai ya kawo jini bayan kwanciya, da ruwa, da ciwon mara, kamar dai alamomin da muka lissafa. Maganinta ƙwayoyi ne da ake kira farazikantal, irin waɗanda ake raba wa ƴan makaranta. Saboda haka in mace ta je awo, ta faɗa wa likita in tana shiga tabki. Ba mai iya raba tsargiya da sanyi da ciwon daji daga bakin ƙofa. Sai an duba da ido.

Yaya ake awon?

Tsoron awo yana hana mata da yawa zuwa, don haka bari mu faɗi yadda yake. Ungozomar likita, wadda muke ce wa sajfam, ita ke yi, a ɗaki a rufe. Mace ta kwanta. A sa wani ɗan abu mai kama da bakin agwagwa don a ga bakin mahaifa. A haska fitila. A shafa ruwan tsami na binegar da auduga, a jira minti ɗaya. In akwai tabo, wurin sai ya yi fari. Ba yanka, ba allura, ba a kwana. Akwai ɗan rashin daɗi, amma duk wadda ta haihu ta ga abin da ya fi shi nesa ba kusa ba. Muna gargaɗi: wannan aikin wadda aka koya wa ne. Kada wata ta ce za ta zuba binegar a jikinta a gida.

Akwai kuma sabon awo da ke neman ƙwayar papiloma kanta, wanda mace ke iya ɗibar ruwan da hannunta da ɗan tsinke mai auduga. Shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so a yi inda akwai kayansa.

Wa ya kamata ta yi awo? Duk macen da ta kai shekara 30, ko lafiyarta lau. Mai ƙwayar sida ta fara tun tana da 25. In awon binegar ne, a sake bayan shekara uku. Wadda take da alama kuwa ba ta jiran shekaru. Ko 18 gare ta, ta tafi.

In an ga tabo, ana kashe shi da sanyi mai tsanani ko da wani ɗan ƙarfe mai zafi da ake ɗorawa ƙasa da minti ɗaya. Mace ta tashi ta koma gida da ƙafarta. Za ta ga ruwa yana zuba har wajen wata ɗaya, wannan warkewa ce. A cikin watan nan ba kwanciya da miji, ba cusa komai. Wannan magani ba ya hana haihuwa. A nan maigida ke da aiki: haƙurin mako huɗu.

Da yake mun ambaci cusawa, bari mu ce wani abu a kan kayan matsi da ake sayarwa a gidajen biki. Ba su ne ke kawo ciwon daji ba. Amma kanwa da alif da garin itace suna ƙona fatar wurin, suna kawo rauni da ruwa, har mace ta kasa gane wane ruwa ne na ciwo, wane ne na abin da ta sa. Kuma ba wani matsi ko tsimi da ke kashe tabo.

In an makara fa?

In likita ya ga tsiro, zai ɗebi ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa a aika ɗakin bincike. Sakamakon nan shi ke tabbatar da ciwon daji. In bai bazu ba, ana yin aiki a cire mahaifa, kuma mata da yawa suna warkewa sarai. In ya bazu kusa, sai gashi da na'urar haske, tare da magani mai ƙarfi da ake sawa ta ƙarin ruwa.

Mu dubi hanyar. Daga ƙauye zuwa gidan likita na CSI, kabu-kabu ne ko amalanke. Daga nan sai asibitin gunduma. Daga Magarya zuwa Damagaram, inda Babban Asibitin Ƙasa da Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro suke, kilomita wajen 90 ne. Na'urar haske kuwa tana Yamai, a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda ta fara wannan aiki a 2021. Kafin nan sai an fita waje. Daga Damagaram zuwa Yamai kilomita kusan 900, kuma gashin yana ɗaukar makonni, ba kwana ɗaya ba. A shekarar 2007 gwamnati ta fitar da doka cewa kula da ciwon daji na mata kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mai jinya ta san da wannan doka, ta tambaya a kanta. Amma doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai rakiya, ba ta nome gonar da aka bari. Gida nawa ne a Waca ko Guci ko Malawa zai iya wannan ba tare da an sayar da sa ko an jinginar da gona ba? Tabon da za a kashe cikin minti ɗaya kusa da gida, shi ne bayan shekaru zai kai mutum Yamai.

Wadda ciwonta ya yi nisa har ba a iya warkar da shi, ita ma tana da hakki. Akwai maganin rage zafi mai ƙarfi a asibiti, akwai na rage wari. Kada a ware ta a ɗakin baya saboda wari. A wanke ta, a sauya mata shimfiɗa, a zauna kusa da ita.

Allurar rigakafi

Tun 2006 akwai allurar da ke hana ƙwayar papiloma kama jiki. Ana yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14, domin tana aiki sosai in an yi ta kafin aure. Ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ma tana isa. A Ingila, binciken da aka fitar a 2021 ya nuna cewa a cikin waɗanda aka yi wa ita suna da shekara 12 ko 13, ciwon ya ragu da 87 cikin 100. Ƙasar Ruwanda ta fara yi wa ƴan matanta a 2011. A 2013 Nijar tana cikin ƙasashe takwas na farko da ƙungiyar Gavi ta amince ta taimaka musu su gwada allurar. Maƙwabtanmu na Najeriya sun sa ta cikin rigakafin yau da kullum ranar 24 ga Oktoba 2023, Jigawa da Kano suna cikin jihohin farko. Masu ƴan'uwa a Babura da Maigatari sai su tambaye su. Uba ko uwa mai ƴa ƴar shekara 9 zuwa 14 ya tambayi shugaban gidan likita na yankinsa yaushe da kuma ina ake yin ta.

Mun san abin da za a ce, don an taɓa faɗa: wai allura ce ta hana haihuwa. Haka aka faɗa a kan ɗigon shan inna, har aka tsayar da shi a Kano a 2003, aka dawo da shi a 2004. Kafin a dawo, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa, yara suka gurgunce. Yaran da suka sha ɗigon nan yau su ne iyaye, gidajensu cike da ƴaƴa. Allurar papiloma an yi wa ƴan mata miliyoyi tun 2006, an bi lafiyarsu, ba a ga ta hana kowa haihuwa ba. Abin da ke raba mace da mahaifarta shi ne ciwon kansa.

Ranar 17 ga Nuwamba 2020 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da wannan ciwo. Burin shi ne kafin 2030 a yi wa ƴan mata 90 cikin 100 allura, a auna mata 70 cikin 100, a kuma yi wa 90 cikin 100 na waɗanda aka samu da ciwo magani.

Maigida da uwar miji

Ana cewa ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. To amma a gidajenmu izinin fita a hannun maigida yake, kuɗin kabu-kabu ma haka. Amarya ƴar shekara 17 ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa surukarta irin wannan magana ba. Maigida kuwa sau da yawa shi ne na farko da ke ganin jinin. Kada ya yi kamar bai gani ba, kada kuma ya ƙaurace mata ya koma ɗakin abokiyar zamanta. Kada ya ce a bari sai kaka, in an sayar da wake da riɗi. Daga shuka zuwa kaka wata huɗu ne, ciwon da ya fara zubar da jini ba ya jiran wata huɗu a wuri ɗaya. Uwar miji ita ma ta riƙa tambaya: ƴar nan, lafiya kike yawan wankin tsumma? In kunya ta hana, a nemi gwaggo ko yaya ko ungozomar gari ta raka ta.

A gaban sajfam ba a kewaye-kewaye. Mace kada ta ce cikina ke ciwo, a ba ta ƙwaya ta dawo. Ta ce: Madam, ina ganin jini bayan na kwana da maigidana, wata uku ke nan, ina so a duba bakin mahaifata. In ba a yin awon a wurin, ta nemi takardar da za ta kai ta inda ake yi. In an ba ta maganin sanyi ta shanye, alamar ba ta tafi ba, ta koma ta faɗa. Ta kuma saurari rediyo a watan Oktoba, lokacin da aka saba yin gangamin awon nono da bakin mahaifa.

Aikin gida

Ga inda karatunmu zai yi mana rana. Kowace ɗaliba ta ware shafi ɗaya a bayan kayenta. Ta rubuta sunan wata a sama, ta jera kwanaki daga 1 zuwa 30. Ranar da ta ga al'ada, ta rubuta harafin A. Ranar da ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ta rubuta J. In bayan kwanciya ne, ta zagaye J ɗin. Ranar da ta ga ruwa mai wari, ta rubuta R. Ba wanda zai gane ma'anar haruffan sai ita. In J ta fito sau biyu, ko R ta wuce mako biyu, ba sai wata ya ƙare ba: ta ɗauki kayen tare da karnen awonta ta kai wa sajfam. Wadda al'ada ta ɗauke mata, J ɗaya ta isa. Wadda ta iya rubutu kuma ta buɗe wa maƙwabciyarta shafi, ta riƙa rubuta mata.